Tambayi Malama: Ra'ayina ne ya kayar da ni a jarrabawar Turanci?

Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: sashen magana na IELTS, jarrabawar Turancin da ake nema wurin masu son aiki ko karatu a ƙasashen waje, inda ake zaunar da mutum gaban mai jarrabawa ya yi ta zuba Turanci na minti 11 zuwa 14. Na zaɓi huɗu. Ta farko ta cinye rabin filin, don ita ta sosa wa mutane da yawa inda ke yi musu ƙaiƙayi. Kamar kullum, na cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni nas ce, shekarata 9 a bakin aiki. Sau biyu ina zana IELTS, duka biyun 6.5 nake samu a magana, alhali hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya 7 take nema. A zama na biyu matar da ta jarraba ni ta tambaye ni wanne ya fi, tsofaffi su zauna wurin 'ya'yansu ko a kai su gidan kula da tsofaffi. Na gaya mata gaskiyata, na ce duk wanda ya kai uwarsa irin wannan gida ya yi butulci. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta tambaye ni dalili, na maimaita mata. Can ana kan wata tambayar, ina tsakiyar magana, ta katse ni ta ce an gama. Tun ranar nake zargin na ɓata mata rai, wa ya sani ko tata uwar tana can. Malama, a zama na gaba in faɗi abin da suke son ji ne, ko da ba shi ne a zuciyata ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara sauke miki kayan da kika ɗora wa kanki. A cikin ma'aunin da matar nan take aiki da shi babu gurbin ra'ayi. Gurbi huɗu ne, nauyinsu ɗaya: yadda magana ke gudana a bakinki da yadda zancen ke riƙe da juna, yalwar kalmominki da ko kina ajiye kowace a muhallinta, nahawu, wato ire-iren jimlar da kike iya sarrafawa da yawan kuskuren da ke cikinsu, sai furuci. Kowanne ana ba shi maki har zuwa 9, a haɗa a raba. Ma'aunin nan kuma ba sirri ba ne. Hukumomi ukun da suka mallaki jarrabawar, British Council da IDP ta Ostareliya da Jami'ar Cambridge, sun baza shi a intanet, kowa zai iya saukewa ya karanta. Ga shi duk abin da kuka faɗa, ke da ita, ana naɗar sa, don in ƙorafi ya taso wani ya sake saurara. Wadda za ta zabtare miki maki don kin taɓa mata zuciya, da aikinta take wasa.

Ɗaure fuskar da kika gani ma na cikin aikin. Ba a yarda ta ce miki madalla ba, ko ta nuna miki kina kan hanya ko kin kauce. Katsewar kuwa agogo ne. Sashen maganar kashi uku ne, na ukun, inda ake irin wannan tambayar, minti 4 zuwa 5 aka yanka masa, da sun cika dole ta rufe, ko da kina tsakiyar kalma. Ni ma ranar da na zana tawa haka aka datse ni, baki buɗe, hannu a sama ina shirin kawo misali. Na fito jiki a sanyaye na ce shi ke nan. Da sakamako ya zo, sashen maganar ne ma ya fi sauran kyau.

Abin da ya riƙe ki a 6.5 kin rubuta shi da hannunki ba ki lura ba: "Ta tambaye ni dalili, na maimaita mata." A nan gizo ke saƙa. Kin yanke hukunci, aka nemi hujja, kika sake karanto hukuncin. In kin duba ma'aunin, mai maki 6 an siffanta shi da wanda ke son ya yi dogon bayani amma zaren yakan kuɓuce masa saboda maimaici, ko gyaran kai, ko inda-inda. Mai 7 kuwa yana jan magana ba tare da an ji yana wahala ba, kuma yana da hanyoyi daban-daban na ƙulla wannan zance da wancan. Tsakanin biyun nan kike tsaye.

Kuma na san dalilin da ya sa tambayoyin tarbiyya da zamantakewa suka fi yin wannan ɓarnar. Abin da mutum ya fi yarda da shi, shi ya fi kasa yi wa bayani, domin tun da yake ba a taɓa neman ya kare shi ba. Ki tambayi ɗalibi amfanin jirgin ƙasa, zai jero miki biyar. Ki tambaye shi me ya sa ya kamata a girmama iyaye, sai ya dube ki kamar kin ce me ya sa ake shan ruwa, ya ce ai wajibi ne, ya yi shiru. Jimla ɗaya, an rufe ƙofa. Ita kuwa mai jarrabawa da abin da kunnenta ya ji take ba da maki. Duk zurfin imanin da ke ƙirjinki, in bai fito ta baki ba, bai shiga lissafi ba.

Akwai wata ɗalibata, ita ma nas, da na taɓa jefa wa irin tambayarki a aji. Ta ba ni jimla ɗaya mai kaifi kamar taki, ta harɗe hannuwa ta jingina da kujera, alamar ta gama. Na ajiye takardar da ke hannuna na ce mata, da Turanci: ke da maigidanki duk aikin dare kuke yi, tsohuwar ta fara ruɗewa, ƙarfe 3 na dare takan buɗe ƙofa ta fice, wa zai tare ta? Sai ta warware hannuwan ta matso. Ta ce ai ta yi jinyar irin wannan, wata dattijuwa da takan kunna gas ta manta, 'yarta kuma takan zo asibiti idanu jawur don ta yi kwanaki ba ta runtsa ba, har wata rana barci ya sace ta a kan benci tana riƙe da katin uwar. Kusan minti biyu tana magana, ta ma manta Turanci take yi. Da ta kai aya na tambaye ta ko ta sauya ra'ayi. Ta ce ko kusa. Amma yanzu a cikin maganarta akwai "duk da haka", akwai "sai dai idan", akwai "da a ce ni ce". Da irin waɗannan ake gina 7.

Ki lura da yadda aka jera jarrabawar. Kashi na ɗaya a kanki yake: gida, aiki, karatu, abin da kike yi in kin samu sarari. Na biyu kati ne, ki ba da labarin abu guda na minti 1 zuwa 2. Na uku sai a ɗauke ki daga "ni" a kai ki "mutane": yadda jama'a ke rayuwa, abin da ya canza, abin da ya dace. Kowace tambaya a nan ƙugiya ce, wani yanki na nahawu take son ta kamo. In an ce miki, "Zaman maƙwabtaka ya canza daga zamanin iyayenki?" so ake a ji ko kin iya faɗin abin da aka saba yi a da ki gwama shi da na yanzu. In an ce, "Nan da shekara 20 yawancin mutane daga gida za su riƙa aiki?" harshen hasashe ake nema, irin su mai yiwuwa, da wuya, ina kyautata zato. "Matasa da manya, wa ya fi iya tattalin kuɗi?" kwatanci ke nan. "Ya kamata a hana yara riƙe waya a makaranta?" wannan na kalmomin dacewa da sharaɗi ne. Maƙwabtanki ba su dame ta ba. Fi'ilanki take saurare.

Ga yadda zan so in ji amsarki, na sa ta da Hausa don ki ga ƙirarta, Turancin ki zuba da kanki:

"Ni dai a ganina zama cikin iyali ya fi wa tsoho, don sau da yawa kaɗaici ya fi ciwo karya shi. A wurin aiki na sha ganin dattijo ya ƙi cin abinci sai jikarsa ta zo. Amma fa wannan yana yiwuwa ne in akwai mai zama a gida. A da gidaje cike suke da mutane, wannan ya fita wancan na nan. Yanzu mata da miji duk suna fita nema. To in tsohon yana buƙatar ido a kansa dare da rana, wataƙila inda ke da ƙwararru ya fi masa aminci, muddin 'ya'yan ba su mai da wurin juji ba, su ajiye shi su manta."

Kin ga ba ki sayar da ra'ayinki ba, yana nan a jimlar farko. Kin dai ba shi ƙafafu ne: dalili, abin da idonki ya gani, jiya da yau, da inda ƙa'idar ke iya lanƙwasa. Wajen daƙiƙa 40 ke nan, kuma ya wadatar.

Batun faɗin abin da suke son ji kuwa, ki bar shi. Wa'azi a gefe, ta fuskar maki ma asara ce. Ra'ayin da kika ara ba shi da misalai a bayansa, da an ce miki "me ya sa?" karo na biyu za ki tsinci kanki a fili ba mafaka. Sannan su wane ne "su"? Masu jarrabawar nan daga ƙasashe daban-daban suke, da yawansu ma ba Turawa ba ne, kowa da irin gidan da ya taso. Abin da kawai zan ja miki kunne a kai shi ne kalma irin "butulci". Ba za ta ci miki maki don zafinta ba, amma wadda ta furta ta ta riga ta toshe wa kanta hanyar cewa "sai dai kuma". Ki kuma tuna, da yawa daga nas-nas da ke zuwa Birtaniya daga waje a gidajen tsofaffin nan suke fara aiki. Wata rana ɗan tsohuwar zai tsaya gabanki da jakar kayanta a hannu, ido ya ciko.

Abin yi daga yau: kullum tambaya ɗaya. Ki kunna rikodar waya ki amsa da ra'ayinki na minti guda, sannan ki juya ki zama lauyan ɗaya ɓangaren na wani mintin, ko da ranki ba ya so. Ki saurara ki ƙirga sau nawa kika maimaita jimla guda. In kuma kina da yaƙinin an danne ki, kina da mako 6 daga ranar jarrabawa ki nemi a sake duba sakamakon. Ana biya, amma in makin ya ɗaga a mayar miki da kuɗinki. Waɗanda suka zana ta kwamfuta kuma, a cibiyoyi da dama suna iya sake sashe ɗaya kaɗai cikin kwana 60. Kafin ki biya wannan, ki duba shafin hukumar da kike nema ki tabbatar tana karɓar irin wannan sakamakon.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ina neman digiri na biyu a Kanada. Matsalata ita ce rayuwata ba ta da abin faɗa: aiki, gida, barci, gobe ma haka. In an tambaye ni abin da nake yi don nishaɗi ban da amsa. Shi ya sa na sauko da amsoshin da aka ce na maki 9 ne daga intanet, na haddace guda 60. A ciki ina buga tanis, ina karanta littattafan tarihi, ina zuwa gidan adana kayan tarihi duk ƙarshen mako. Abokina ya ce ba a bincike, komai ka faɗa ya zauna. Haka ne?

AMSA: Ɗana, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Ba mai bin ka gida ya nemi ganin sandar tanis. Amma baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

Na taɓa samun mai irin tanis ɗinka. Ya zo gwaji, na tambaye shi wasan da yake so, ya ɗaga ido ya kafe silin, ya sako magana tamkar an kunna rediyo, kalmomi manya-manya, ko numfashi babu. Da ya tsaya na ce, to da wa ka buga na ƙarshe, kuma da nawa aka tashi? Ya dube ni, ya dubi silin, silin bai ce komai ba. Can ya ce biyu da ɗaya, da wani Turanci da bai kai rabin na ɗazu ba. Ko lissafin nasa daidai ne ko ba daidai ba, wannan bai dame ni ba. Abin da ya tona shi shi ne ramin da ke tsakanin muryarsa ta farko da ta biyu. Wanda ya wuni yana sauraron ɗalibai yana jin wannan ramin tun kafin a faɗa ciki: saurin magana ya canza, sautin ya miƙe ba hawa ba sauka, amsar kuma ta ɗan goce daga abin da aka tambaya, don an ɗinka ta ne wa wata tambayar mai kama da ita. Da ya ji haka sai ya sauya akala, ya auna ka da abin da ya rage. A ma'aunin nahawu, dogaro da jimlolin hadda a bayanin maki 3 aka ambace shi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yanzu ga ainihin ciwon, wai rayuwarka ba ta da abin faɗa. Wa ya ce maka gasar daɗin rayuwa ake yi? Kashi na ɗaya minti 4 zuwa 5 ne, tambayoyi kan abubuwan yau da kullum, kowace jimla biyu ko uku ta ishe ta. An ce maka, "Me kake yi da yamma?" Mai cewa "ba komai" ya kashe kansa. Amma ka ce: "Nakan dawo wajen ƙarfe 7 a gajiye, in ce bari in duba waya minti goma, kafin in farga awa ta wuce. Kwanan nan na fara barin ta a wani ɗaki tana caji, amma gaskiya ba kullum nake cin nasara ba." Wannan rayuwarka ce ko ba ita ba? A ciki akwai abin da ka saba yi, akwai abin da ka fara kwanan nan, akwai ɗan ra'ayi, har da abin dariya. Kuma in an bi ka da tambaya kana da amsa, don kai ne mai wayar.

Abin da ake shiryawa labarai ne, jimlolin a bar su su zo da kansu. Ka zauna ka tono guda biyar ko shida na gaske: wani mutum, wani wuri, wani abu da ka mallaka, wata rana da ba ka mantawa, wani kuskure da ka tafka. Labari ɗaya yana ɗaukar kati da yawa. Kawun da ya koya maka gyaran keke, shi ne mutumin da kake girmamawa, shi ne sana'ar da ka koya kana yaro, shi ne shawarar da ta amfane ka, shi ne ranar da ka ɓata abu ka gyara. Ka ba da shi yau ta wannan fuska, gobe ta waccan, kada ka taɓa rubuta shi cikakke.

In an miƙo maka katin, za a haɗa maka da fensir da takarda da minti 1. Masu rubuta jimla a mintin nan sukan ƙare da jimla ɗaya da rabi. Kalmomi shida ko bakwai za ka zuba, kowace ƙusa ce da za ka rataya zance a kai, ka yi ta tafiya har a tsayar da kai.

Ka kuma raba kanka da cusa karin maganar Turanci da ƙarfi. Duk shekara sai na ji wanda ya sako wancan da ke cewa sama na zubo da kyanwoyi da karnuka, ko da batun ruwan sama bai taso ba. Ma'aunin yana yaba salon masu harshe in ya zauna daram a wurinsa. Wanda aka jawo da igiya kuwa, kowa na jin ƙarar jan.

TAMBAYA: Malama, ni likita ne, shekarata 52. A gwajin da na yi an tambaye ni irin kiɗan da nake so da ko ina rawa. Ni ba na sauraron kiɗa, kuma ba na son in yi ƙarya don maki. Zan iya cewa a sauya mini tambaya?

AMSA: Ranka ya daɗe, ba a sauya tambaya, amma "a'a" ma amsa ce cikakkiya, in dai ba a bar ta tsirara ba. Ka ce ba ka saurara, ka faɗi dalili a taƙaice yadda ranka ya natsu da shi, sannan ka kawo abin da ya maye gurbin: a mota labarai kake kunnawa, ko ka fi son shiru bayan wunin asibiti, 'ya'yanka kuwa kunnensu kullum a toshe da abin sauraro har sai ka ɗaga murya. Ka ga ka yi jimla uku ba ka taka abin da ka yi imani da shi ba. Haka za ka yi in an tambaye ka kiwon kare, ko fina-finai, ko duk wani abin da ba ya cikin rayuwarka. A kashi na uku ma abin ya fi sauƙi, don a kan mutane ake tambaya: me ya sa matasa ke son kiɗa, ko ya dace a koyar da shi a makaranta. Likita kullum yana bayanin halin da ba nasa ba. Ba sai ka sha taba ba kafin ka faɗi abin da ke jan mutane gare ta. Masu tsara tambayoyin suna kauce wa batutuwa masu zafi irin addini da siyasa, saboda haka ba za a titsiye ka kan aƙida ba. Hatsarin manya irinku daban ne: kun saba ku faɗi magana ɗaya a rubuta. In Birtaniya ka nufa, hukumar likitocinsu 7.5 take nema a jimlace, kuma kada kowane sashe ya gaza 7, don haka taƙaita zance irin na zagayen ɗakin marasa lafiya ba zai kai ka ba. Ko da mai jarrabawar sa'ar 'yarka ce, ka ba ta bayani kamar ita ce babbar likitar.

TAMBAYA: Anti, ƙawayena suna yi mini dariya wai ina haɗa p da f. Sai na koyi magana kamar 'yar Landan kafin in samu maki mai kyau? Kuma in ban gane tambaya ba, laifi ne in ce a maimaita?

AMSA: 'Yata, bar Landan a inda take. Ma'aunin furuci bai nemi ki koma wata ba. Ko a bayanin maki 8 abin da aka ce shi ne a fahimce ki cikin sauƙi, karin harshenki na gado kada ya tare hanya. Masu ƙaƙalo muryar hanci su suka fi wahalar da mai sauraro.

Amma ƙawayenki sun yi miki rana, don p da f suna sauya ma'ana: pull daban, full daban. Tushen abin shi ne f ɗinmu ta Hausa da leɓɓa biyu muke yin ta, ta Turanci kuwa haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa. Ki tsaya gaban madubi. In za ki ce full, dole ki ga haƙoranki. In za ki ce pull, leɓɓa su rufe ruf sannan su fashe. Ki riƙe 'yar takarda gaban bakinki, in ba ta yi tsalle ba, ba ki yi p ba. V ma wurin f take, murya kawai ake ƙara mata.

Akwai wanda ya fi wannan cin maki, kuma ba mai yi miki dariya a kansa balle ki farga: haɗiye ƙarshen kalma. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa harshe ke ƙyuyar tarin baƙaƙe a wutsiya. Ki ce walk a inda ake nufin walked, ke kin san jiya kike nufi, amma kunnen mai jarrabawa ya ji kuskuren nahawu. Laifi ɗaya, tara biyu.

Neman maimaici ba laifi ba ne, in dai bai zama kowace tambaya ba. A kashi na ɗaya za ta sake karanto miki tambayar yadda take. A na uku kina iya cewa ta faɗe ta da wasu kalmomin. Wannan na cikin ribar IELTS: ko ta kwamfuta kika zana, sashen magana da mutum za ki yi shi, saɓanin wasu jarrabawoyin Turancin, TOEFL da PTE, inda makirufo za ki yi wa bayani. Gara ki tambaya da ki shafe minti guda kina amsa abin da ba a tambaye ki ba.

Ki samo kalmomi goma masu p da goma masu f, ki naɗa a waya, ki tura wa wadda ta fi kowa dariyar, ki ce ta rubuto miki abin da ta ji.